Kwalbar "Wain" A Gidan Musulmi: Me Muka Saya, Kuma A Ina?



Kwanakin baya, bayan an idar da sallar Isha'i, wani dattijo daga cikin ma'abota sahun gaba ya dakata har jama'a suka watse, sannan ya matso ya zaro wata doguwar kwalba daga cikin baƙar leda. Ya ce, "Malam, duba mini wannan." Ragowar walimar auren 'yarsa ce. Ya ba da kuɗi a sayo katan shida na abin da yara ke kira wain, wanda aka tabbatar masa ba shi da giya. Da aka je kanti sai aka tarar biyar suka rage, mai jiran kanti ya cike na shida da wani mai kama da shi. Sai da aka buɗe kwalba uku, mata suna ƙorafin cewa wannan lemon ya lalace, yana da ɗaci, sannan wani jikansa ɗalibin jami'a ya juya bayan kwalbar ya ga an rubuta kashi 12.5 cikin 100. Giya ce tsantsa.

Na ce masa, "Baba, wanda ya kurɓa bisa kuskure babu zunubi a kansa, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. A zubar da sauran." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na sani, Malam. Amma da kuɗina aka saya, kuma a gidana aka sha." Wannan maganar tasa ce ta sa muka ga ya dace shafin nan ya tsaya a kan mas'alar.

Kwalbar nan ta shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. A yau da wuya a je dina ko walima ko suna a manyan biranenmu ba a gan ta a kan tebur ba. Ana saka ta cikin kwandon kyautar Sallah, ana kai wa surukai, ana tarbar baƙo da ita. Mafi yawan masu saye mutanen kirki ne da ba su taɓa sha'awar giya ba, karramawa kawai suke nufi. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta canza abin da ke cikin kwalba. Matsayinmu a taƙaice shi ne: sunan da aka rubuta a gaban kwalba ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne yadda aka haɗa abin shan, da wurin da aka saye shi, kuma nauyin binciken yana kan mai ba da kuɗin.

Dalilin da ya sa mai saye ba ya kuɓuta

An haramta giya daki-daki. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. Aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Sannan ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka rufe ƙofa baki ɗaya, da umarnin a nisance ta. Malamai sun lura cewa umarni da nisanta ya fi hani ga sha faɗi, domin ya haɗa da duk hanyar da ke kaiwa gare ta.

Sunna ta fayyace wannan faɗin. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa an la'anci mutum goma game da giya. Mai shan ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran su ne mai matsa ta da wanda aka matsa wa, mai ɗaukarta da wanda aka kai wa, mai shayar da ita, mai sayarwa, mai cin kuɗinta, mai saye da wanda aka saya wa. Mu duba da kyau: mafi yawan waɗannan mutane a harkar ciniki da dako da hidima suke. A cikin Sahihu Muslim kuma akwai labarin mutumin da ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kyautar salkar giya bai san an haramta ba. Da aka sanar da shi sai ya raɗa wa na kusa da shi cewa a je a sayar, nan take aka faɗa masa cewa sayarwar ma haramun ce kamar shan, ya kwance bakin salkar ta tsiyaye.

Haka nan ba a taƙaita hukuncin ga inabi ba. Sayyidina Umar ya bayyana a kan mimbari cewa lokacin da haramcin ya sauka ana yin giya daga abubuwa biyar, inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, kuma ma'auninta shi ne gusar da hankali. Wadda Anas ya zubar a gidan Abu Ɗalha ranar da aka yi shela a Madina ta dabino ce. Saboda haka burukutu da bammi da ogogoro da wain na ƙasar Faransa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. An kuma gargaɗe mu, a hadisin Abu Malik Al'ash'ari da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wasu daga cikin al'umma za su sha giya suna kiranta da wani suna. Ke nan sauya suna tsohuwar dabara ce.

Kwalba iri uku, kamanni ɗaya

Abin da ya rikita mutane shi ne kwalba uku ne suke sanye da riga iri ɗaya: dogon wuya, murfi mai ɗaurin waya, takarda mai ruwan zinariya da hoton inabi. Kama da wane ba ta wane.

Ta farko ruwan inabi ne zalla. An matse 'ya'yan, an dafa ruwan daidai yadda zai kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsima, an ƙara sukari ko an sa masa iskar gas don ya yi kumfa. Bai taɓa zama giya ba. Wannan hanya ba sabuwa ba ce, tun 1869 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch ya yi amfani da ita, don mabiya cocinsa da ke ƙyamar barasa. Wannan lemo ne kamar kowane lemo, halal ne.

Ta biyu giya ce ta asali. An bar yis ya cinye sukarin inabin ya mayar da shi barasa. Yawanci tana ɗauke da kashi 11 zuwa 14 cikin 100. Kwalba mai cin mililita 750 da aka rubuta wa kashi 12 tana da mililita 90 na barasa a cikinta. Babu saɓani a kan haramcinta.

Ta uku ita ce matsalar. An haɗa giya cikakkiya tukuna, ta tsimu har ta kai, sannan aka janye barasar da na'ura, ko dai ta hanyar ɗumama ta a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska har barasar ta tashi, ko ta hanyar tace ta a matata mai matuƙar ƙananan ƙofofi. Ana yin haka ne don a bar ɗanɗano da ƙamshin giyar. Kuma sau da yawa ba a janye ta ƙarƙaf. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira wain da sunan wadda aka cire wa barasa matuƙar abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. A Amurka ma abin sha da ke ƙasa da kashi 0.5 ana iya rubuta masa cewa ba na barasa ba ne. Ashe kalmar "babu giya" da ke jikin kwalbar waje ma'anarta ta doka ce ta ƙasar da aka yi ta, ba ma'anar littattafan fiƙihu ba.

Malaman zamani sun yi magana a kan wannan nau'i na uku. Akwai waɗanda suka sauƙaƙa idan an tabbatar babu abin da ya saura, suna cewa illar haramci ita ce maye, kuma ta gushe. Da yawa kuma sun hana. Kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya, a zamansa na 2011, ya rarrabe tsakanin abubuwa biyu: abin shan da aka bi hanyar haɗa giya wajen yin sa haramun ne, ko barasar kaɗan ce ko an janye ta, wanda kuwa ba don giya aka yi shi ba, aka sami ɗan burbushin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya halatta. Mu a wannan shafi ra'ayin hanawa muka fi natsuwa da shi, saboda dalilai uku. Na ɗaya, ba a samun wannan abin sha sai an fara haɗa giya da gangan, kuma matsa ta yana cikin ayyuka goma da aka la'anta. Na biyu, abin da ya saura a ciki, komai ƙanƙantarsa, ragowar giyar ce da kanta. Na uku, ba a ƙiyasta shi da khal, domin khal ya rikiɗe ya zama wani abu dabam a suna da ɗanɗano da amfani, shi kuwa wannan duk ƙoƙarin masu yin sa shi ne kada ya bambanta da giya. Ba mu ce wanda ya bi ɗaya fatawar bisa ilimi ya fita daga hanya ba. Amma magidancin da ke da zaɓi ba shi da buƙatar shiga shubuha saboda abin da ba abinci ba, ba magani ba.

Kada kuma a faɗa waswasi

A nan wajibi ne mu ja hankali ga ɗaya ɓangaren. Wani zai ji wannan bayani ya fara zargin kowane lemo da burodi. Gaskiya ne cewa ayaba da ta nuna sosai, da burodin da aka kwaɓa da yis, da ruwan 'ya'yan itace, sukan ƙunshi burbushin barasa da ke samuwa da kansa. Wannan bai haramta su ba. Ƙa'idar da ta zo a hadisin Jabir, wadda ɗalibanmu suka haddace tun daga karatun Risala ta Ibnu Abi Zaid, tana magana ne a kan abin shan da mai yawansa ke sa maye, shi ne kaɗan ɗinsa ma ya haramta. Lemon da ko tulu guda aka sha ba zai bugar ba, kuma ba daga giya aka samo shi ba, bai shiga ciki ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance ana jiƙa masa zabibi a ruwa, ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas. A cikin wannan akwai sauƙi, akwai kuma iyaka. Darasin ya shafi uwayenmu mata masu zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya: abin sha mai sukari idan ya kwana biyu cikin zafi ya fara kumfa da kansa, warinsa ya sauya, robar ta kumbura, to ya kama hanyar tsima, a rabu da shi.

To, a ina za a saya?

Da farko, a fifita kantin da ba ya ajiye giya kwata-kwata. A can kuskure irin na dattijon nan ba shi da ƙofar shiga, kuma kuɗinmu ya ƙarfafa ɗan kasuwar da ya haƙura da riba mai tsoka saboda Allah. Ko da kayansa sun ɗara da 'yan nairori, wannan ƙarin kuɗin natsuwa ne.

Na biyu, wanda yake zaune inda babu irin wannan kanti, kamar ɗalibanmu da ma'aikatanmu a Legas ko Fatakwal ko Inugu ko ƙasashen Turai, ya halatta ya sayi shinkafa da sabulu da lemo a babban kantin da ke da sashen giya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ciniki da waɗanda ba Musulmi ba, har ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, kamar yadda ya tabbata a Bukhari. Abin da ake nema shi ne cinikinka kai ya zama a kan halal. Amma a lura, a irin waɗannan kantuna an saba jera nau'o'in nan uku a kanta ɗaya ko a maƙwabtan juna. Wanda zai ɗauki kwalba a wurin sai ya buɗe ido.

Na uku, a karanta bayan kwalba, a daina cinikin biri a sama. A nemi alamar kashi cikin ɗari tare da haruffan ALC ko VOL ko ABV. Duk lambar da ta haura sifili, a ajiye. Idan an ga 0.0, a ci gaba zuwa jerin kayan haɗi: in an rubuta ruwan inabi da ruwa da sukari da gas, lemo ne, in an ga kalmar dealcoholised ko makamanciyarta, to nau'i na uku ne. Kwalbar da aka rubuta da harshen da ba ka iya karantawa, ko wadda takardarta ta goge, barinta ya fi. Kuma a duba kowane katan, ba na sama kaɗai ba, domin kamfani ɗaya yakan yi mai barasa da marar barasa da tambari kusan iri ɗaya.

Na huɗu, lambar hukumar NAFDAC ba shaidar halal ba ce. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, aikinta tabbatar da inganci da lafiyar kaya, kuma tana yi wa giya rajista kamar yadda take yi wa madara. Rashin lambar abin tsoro ne, samuwarta kuwa ba ta amsa tambayar addini. Ga kuma matsalar jabu. A watan Disamba na 2023 hukumar ta kai samame wata kasuwa a Aba ta Jihar Abiya, ta rufe shaguna fiye da 200 da ake haɗa jabun wain da sauran abubuwan sha. Wanda ya ƙirƙiri tambarin ƙarya ba zai ji nauyin rubuta lambar ƙarya ba. Saboda haka kwalbar da ake talla a bakin titi ko a tasha da araha mai ban mamaki, ba a san abin da ke cikinta ba, ta fuskar shari'a da ta fuskar lafiya. A sayi kaya wurin wanda aka sani, mai shago tsayayye da za a iya komawa gare shi.

Na biyar, a kula da wanda ake aika. Ba daidai ba ne a tura yaro ɗan shekara goma ko direban da ba ya karatun boko ya zaɓo kwalba a tsakanin kwalaben giya. Idan an ba masu girkin biki ko masu zauren taro kwangilar abin sha, a faɗa musu sunan abin da ake so ƙarara, a kuma wakilta mutum ɗaya mai karatu ya duba kafin a jera a tebur. Haka sayayya ta intanet: hoto ba ya wadatarwa, sai an duba abin da ɗan aike ya kawo kafin a sallame shi. Kwandon kyauta da ya zo daga wurin aiki a ƙarshen shekara ma a bincika shi. In an sami giya a ciki, ba a sayarwa, ba a kyautar da ita ga maƙwabci ko da ba Musulmi ba ne. A mayar wa mai ita cikin ladabi tare da bayani, ko a zubar.

Kira ga 'yan kasuwa da ɗalibai

Ɗan kasuwa Musulmi da ke saro kaya katan-katan, amanar unguwa guda ce a hannunsa. Mutane suna saye a wurinsa ido rufe saboda sun gan shi a masallaci. Bai kamata ya ce shi ma haka aka ba shi ba. Ya san abin da ya saro, ya koya wa yaran shagonsa bambancin, ya hana su musanya wa mai saye wani kaya da wani ba da saninsa ba. A jihohin da suka ɗabbaƙa shari'a tun daga Zamfara a 1999, mutane sukan saki jiki cewa hukuma ta tsare musu kasuwa. Hisba tana iya kama mota cike da giya, amma ba za ta karanta wa kowane gida takardar kowace kwalba ba.

Ɗalibin da ke neman aikin wucin gadi a kanti ko gidan abinci a ƙasar waje, ya sani cewa zubawa da miƙawa da sayarwa suna cikin abin da hadisin mutum goma ya ambata. Ya nemi a sa shi a sashen da babu ita tun ranar da ake ɗaukarsa, ya faɗi dalilinsa ba tare da kunya ko faɗa ba. Wanda ya riga ya shiga kuma ba shi da wata hanyar ci, ya dage da neman mafita, ya tambayi malamin da ya san halin ƙasar da yake. Duk wannan kuma bai ba kowa izinin zagin maƙwabcinsa da ba Musulmi ba, ko ɗaukar doka a hannunsa. Gyaran teburinmu muke magana.

Tambayar da ta rage

Ko da an tabbatar lemo ne zalla, akwai abin da ya kamata mu tambayi kanmu. Me ya sa sai wannan kwalbar? Me ya sa sai an girgiza ta murfi ya yi tsalle, an zuba a kofi mai dogon ƙafa, ango da amarya sun haɗa kofuna ana tafi? A wurin wa muka koyi wannan? Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo mas'ala mai kama da wannan a cikin Ihya'u Ulumiddin: mutanen da suka shirya majalisi irin na mashaya, da kofunansu da mai zagayawa yana zuba musu, ya ce an hana su ko da abin da ke cikin kofunan halal ne, saboda kamanceceniya da mutanen banza. Ba mu haramta lemon inabi ba, ba mu haramta kofin gilashi ba. Abin da muke tsoro shi ne yaron da ya tashi yana ganin wannan kwalba ita ce alamar murna da wayewa a gidan ubansa. Ranar da abokai suka miƙa masa ta gaske a ɗakin kwanan ɗalibai, idonsa ya riga ya saba, saura harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba mu rasa abin karrama baƙo ba. Zoɓo mai citta da kanumfari, kunun aya mai dabino da kwakwa, fura da nono mai sanyi, lemon tsamiya, duk mun san hannun da ya haɗa su da abin da aka zuba a ciki, kuma kuɗinsu yana komawa ga matan unguwa da manomanmu. Wanda kuma ya fi son na kwalba, ga lemo iri-iri da ba su ari rigar giya ba.

Dattijon nan ya dawo bayan mako guda ya ce mini ya tara 'ya'yansa ya kafa doka: duk abin shan da zai shiga gidansa sai an karanta masa bayansa da babbar murya. Ya yi dariya ya ce jikokin sun mayar da abin wasa, har ruwan leda suke kawo masa. Wannan doka ba ta cin ko kwabo, kuma minti ɗaya ta ishe ta. Muna roƙon kowane magidanci da kowace uwargida su ɗauke ta kafin biki na gaba.

Allah ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke sha, ya tsare zuriyarmu, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani. Allah ne mafi sani.